Agogon da Ke Ci Daga Hannun Baba

Mahaifina mai nutso ne a garin da ba shi da teku. In na faɗi haka mutane sukan yi dariya, sai na tsaya bayani: a dam ya yi aiki, can wajen Tiga. Shi ake ɗaura wa tukunyar iska a baya, ya gangara ƙarƙashin ruwa ya duba ƙofofin da ke sakin ruwa, ya cire itace da tarkacen da suka toshe su. Tun yana saurayi aka tura shi Legas koyon aikin, ya dawo da abu biyu da bai ƙara rabuwa da su ba, ciwon kunne da agogo. Tsohon da ya koya masa nutso ne ya kwance agogon daga hannunsa ya ɗaura masa ranar da ya gama koyo.

Agogon ba kyakkyawa ba ne. Ƙato ne mai nauyi, ƙirar Japan, fuskarsa baƙa, da manyan ɗige-ɗige masu haske a cikin duhu. Kewaye da gilashin akwai wani zobe mai lambobi da ake juyawa da yatsa. Kafin mai nutso ya shiga ruwa sai ya juya zoben ya daidaita alamarsa da dogon hannun agogo, daga nan ko a ƙasan ruwa in ya duba ya san tsawon lokacin da ya yi da kuma iskar da ta rage masa. Da Baba ya bar aiki muka tare a Gyaɗi-Gyaɗi, sai zoben ya koma kanmu. In ya aike ka sayen kalanzir ko niƙa, a gabanka zai juya shi, ya nuna maka da farce, ya ce, "In hannun nan ya zo nan ba ka dawo ba, zan fito." Ba mu taɓa gwada shi mu ga ko zai fito ɗin ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki muna yara shi ne agogon ba shi da batir, kuma ba a murɗa shi da hannu. A cikinsa akwai wani ƙarfe da ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure injin. In ka kara shi a kunne ka girgiza, za ka ji ƙarfen yana zagayawa. Baba yakan ce, "Ni nake ciyar da shi. In na yi aiki ya ci, in na kwanta lalaci ya kwana da yunwa." Ko wajen alwala ba ya cire shi, sai dai ya tura shi sama ya wanke hannun ya dawo da shi. Inna, mahaifiyarmu, takan ce ko ita ba ta samu irin wannan riƙon ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aure a Tarauni, ba nisa da gida. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Wata safiya bayan sallar asuba Inna ta kira ni a waya, ta ce buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne da ya daɗe yana raina wa hankali. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta koma kalma ɗaya ko biyu, su ma da ƙyar. Kafin a sallame mu daga asibiti agogon ya tsaya, saboda a hannun hagun yake, hannun kuma ya daina motsi.

Inna ta ce a mayar masa da shi hannun dama, ya ƙi. Na kwance na girgiza masa har ya tashi, na mayar, ya harare ni kamar na ba ɗansa abinci a gidan maƙwabta. Daga nan ya juya fuskarsa bango. Ni kuwa na san abin da nake tsoro. Hannun da aka bari ba motsi yakan ƙage, yatsun su dunƙule, gwiwar hannun ta lanƙwashe ta sandare, in kuma ya kai haka an gama. Akwai ɗan lokacin da ake iya ceto shi, kuma lokacin yana wucewa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan ɗaki. Baba bai ɗaga ko yatsa ba.

Haka muka kai shi sashen gashi, inda ake motsa wa masu shanyewar jiki gaɓoɓinsu. Likitan da muka samu wani gajere ne mai surutu, gashin kansa ya fara furfura. Ya kama hannun Baba zai duba, idonsa ya faɗa kan agogon, shi ke nan ya manta da mara lafiya. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ina tsaye ina tafasa, na ce a raina mun kawo mutum ana duba ƙarfe.

"Baba, ina ka samo wannan?" in ji likitan.

Baba ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito. "Aiki."

"Nutso ka yi da shi? A cikin ruwa, da gaske?"

Baba ya gyaɗa kai. Rabon da in ga ya dubi wani ido cikin ido tun ranar da ya faɗi.

Ashe likitan mai tara tsofaffin agogunan nutso ne. Yana da akwati guda a gidansa a Unguwar Gano, matarsa ta gaji da magana. A ranar, yana murza kafaɗar Baba, ya ba mu tarihin da ba mu tambaya ba. Ya ce sojojin ruwa aka fara ƙera wa irinsu, masu shiga ƙarƙashin jiragen ruwa. Da tukunyar iska ta yaɗu, masu gyaran gada da masu aikin mai a teku da masu nutso don nishaɗi duk suka bukaci agogon da ruwa ba ya shiga, wanda ake iya karantawa a duhu, domin wanda ya ɓata lissafin iskarsa a ƙasa ba ya dawowa ya ba da labari. Ya juya zoben na Baba hagu da dama, ya ce na baya-bayan nan gefe ɗaya kawai suke juyawa, don ko an buge su bisa kuskure su rage wa mutum lokaci, kada su ƙara masa. Na Baba tun kafin a yi wannan dabarar ne. Daga baya kuma aka ƙera 'yar na'urar da ke yi wa mai nutso duk lissafin, agogunan suka rasa aikin yi.

"To a nan ne fa suka yi daraja," in ji shi. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotuna, Turawa da Larabawa da mutanen Japan suna gwanjonsu, suna rububi. Ya ce abin da masu tarawa ke nema shi ne wanda ba a taɓa ba. Zoben da rana ta koɗar da shi ya koma toka-toka, ɗige-ɗigen da suka tashi daga fari suka koma kalar man shanu, ƙarjewar da ke jikin ƙarfen, duk su ne kyan. In aka goge shi ya yi ƙyalli, an zubar da darajarsa. Na tambaye shi ko ya iya ruwa. Ya yi dariya ya ce ko rafi ya gani zagayewa yake, kuma yawancin masu tarawar haka suke. Abin ya ba ni haushi, ban ɓoye ba. Agogo ya rasa aiki duniya tana nemansa, mutumin da ya yi aikin da shi kuwa tun da ya ajiye ba wanda ya zo ya tambayi lafiyarsa.

Amma likitan nan, duk surutunsa, shi ya gano abin da ni 'yar cikinsa ban gano ba. Ya kara agogon a kunne, ya dubi Baba ya ce, "Baba, wannan yunwa yake ji. Kuma ba zai ci a hannun kowa ba sai naka." Ya sarƙe yatsun hannun dama da na hagu, ya nuna masa yadda mai lafiyar zai ɗauki mara lafiyar, su tashi tare har saman kai, su sauko, su yi dama, su yi hagu. Baba ya yi, yana nishi, gumi yana tsattsafo masa. Can sai siririn hannun nan mai ƙirga sakan ya motsa, ya kama tafiya sumul. Baba ya kafa masa ido. Ni na fita waje don kada ya ga fuskata.

Duk bazarar nan a kan haka muka yi ta. Da hantsi Inna ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya jingina da bango ya kama ɗaga hannu. Bayan la'asar ya sake. Da farko agogon yakan mutu kafin gari ya waye, sai Baba ya tashi da fushi ya ƙara ƙaimi. Sannu a hankali agogon ya fara kaiwa safiya da rai. In na biyo daga aiki, kafin in gaishe shi zai miƙo mini hannun, ya ce, "Uwata, duba." In duba in ce yana tafiya. Kafaɗar ta saki, gwiwar hannun ta fara miƙewa da kanta. Wata rana na tarar ya dafe gefen kwanon fura da yatsun hagu yana sha da dama. Inna ta yi ta hamdala, har ta aika wa maƙwabta da ƙosai sadaka.

Sai robar ɗaura agogon ta tsinke. Tsohuwa ce, ta bushe, kuma yanzu tana shan wuya. Makon ina aikin safe, ga surukata a kwance, ban leƙo gida ba. Yayana ne ya zo. Shi ne babba a gidanmu, yana zaune a Hotoro, yana da shagon kayan sola a Titin Gidan Zoo. Mutum ne mai zuciyar kirki da saurin hannu, a wurinsa duk abin da ya tsufa maganinsa a sake shi. Shi ya raba Inna da murhun gawayi, shi ya cire tsohuwar ƙofar zaure ya sa ta ƙarfe. Kuma ba ya iya kallon Baba yana fama da hannun nan. Da ya ga an fara sai ya ce ana kiransa a waya, ya fice. Ya karɓi agogon zai sa a canza roba. A bakin ƙofa Inna ta yi masa ƙorafin da take yi wa kowa, cewa agogon nan yana wahalar da tsoho, kullum sai ya tsaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya dawo da shi, ina nan. Ya durƙusa gaban Baba yana murmushi, ya warware hankici. Agogon yana ƙyalli kamar sabon cokali. An goge ƙarfen, an sa sabon zobe baƙi wuluk, an shafe ɗige-ɗigen da farin fenti.

"Baba, ka huta," in ji Yaya. "Na sa an cire tsohon injin an sa na batir. Yanzu ko ka motsa ko ba ka motsa ba, ba zai ƙara tsayawa ba."

Ya ɗaura masa da kansa. Baba ya ɗago hannun da taimakon ɗaya, ya duba. Siririn hannun da ya saba tafiya sumul yanzu tsayawa yake ya yi gaba, ya tsaya ya yi gaba. Ya kai shi kunnensa mai ji, ya girgiza. Ba abin da ya zagaya a ciki.

"Tsalle yake," ya ce.

"Haka na zamani suke, Baba."

Baba ya dubi ɗansa, ya ga irin murnar da ke fuskarsa. Ya sauke hannun kan cinya. "Allah ya yi albarka," ya ce. Da zaginsa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ja Yaya zaure na buɗe masa wuta. Na ce wa ya aike shi, na ce robar kawai aka ce, na ce ko tambaya ba zai yi ba. Shi ma ya hau. "Ke komai sai kin mai da shi asibiti," ya ce. "Tsoho yana ɗaga hannu yana gumi kamar mai faskare saboda agogo, ku kuna kallo kuna tafi. Ni na ga wahala na ɗauke masa, laifi ne?" Na ce ai wahalar ita ce maganin. Ya dube ni, na ga maganar ta shige shi. Ya tada mashin ɗinsa ya tafi.

Washegari Inna ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Baba ya zauna, ya ɗora hannun a kan matashi, bai taɓa shi ba. Wuni guda yana zaune yana kallon agogon. Inna ta yi magana, ya yi kamar bai ji ba. Ashe gwada shi yake. Da gari ya waye ya sa ta buɗe taga, ya duba. Agogon yana nan yana tsallensa, daidai da kiran sallar masallacin unguwa. Da na zo bai miƙo mini hannu ba. Na durƙusa na ce, "Baba, mu ɗan ɗaga." Ya girgiza kai.

"Ba ya bukatata," ya ce.

Na hau adaidaita sahu na nemi mai gyaran. Wani dattijo ne da ɗan teburi mai gilashi a ƙarƙashin lema, kusa da inda masu adaidaita ke lodi. Na tafi da niyyar rigima, na tarar ba wanda zan yi da shi. Ya ce, "Hajiya, ai gata na yi masa. Kowa ya kawo irin wannan, abin da yake so ke nan. Wa ke da lokacin girgiza agogo yanzu?" Na ce ya ba ni tsohon injin. Ya jawo wani gwangwanin madara cike da ƙananan ƙarafa, ya zazzage a kan jarida, ya tona da tsinke. Ya riga ya farke shi, ya yi wa wasu agogunan gyara da kayan cikinsa, sauran sun gauraye da na wasu. Abin da ya iya ganewa ɗaya ne, ƙarfen nan mai lilo, mai siffar rabin wata. Ya sa mini a tafin hannu, ya ce in tafi da shi kyauta.

Da muka koma sashen gashi, na nuna wa likitan. Ya juya agogon gaba da baya, ya ce an datse ƙafafun da ke riƙe fuskar an manna ta da gam, da wuya ya koma yadda yake. Ban damu da darajar da ya ce ta zube ba, ban taɓa tunanin sayarwa ba. Na ce masa hannun nake ji. Ya ce ya sani. A zuwanmu na gaba ya zo da ɗaya daga cikin nasa, irin ƙirar, tsoho mai koɗaɗɗen zobe, wanda na tabbata ko matarsa ba ya bari ta taɓa. Ya ce aro ne, Baba ya riƙa ciyar masa da shi. Baba ya karɓa da hannun dama, ya auna nauyinsa, ya kara a kunne.

"Ya shiga ruwa?"

Likitan bai yi masa ƙarya ba. Ya ce bai sani ba, a waya ya saye shi daga wata ƙasa. Baba ya miƙa masa abinsa. Likitan ya ce zai sa a nemo inji irin na asali daga waje, amma sai an yi haƙuri, abin yana ɗaukar lokaci.

Damina ta shigo. Ba wai Baba ya hana mu taɓa hannun ba ne. Ina zuwa in ɗaga, in lanƙwasa, in miƙar, in shafa man zafi, shi kuwa yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, kamar hannun wani nake motsawa. Abin da mara lafiya bai sa kansa ba, ba mai jinyar da za ta yi masa. Ina ji a tafina yatsun suna ƙara tauri mako bayan mako, har suka dunƙule, sai da muka riƙa cusa masa tsumma a ciki don kada farce ya huda fata. Agogon bai cire ba. Ina jin don kada Yaya ya zo ya ga babu ne. Yaya kuwa ya rage zuwa, in ya zo ma daga bakin ƙofa yake gaisuwa, idonsa a ƙasa.

Ciwon ya sake bugunsa kafin kaka. Wannan karon bai kai asibiti ba, ya cika da hantsi, kansa a cinyar Inna. Yaya ne ya kwance agogon kafin a yi masa wanka, ya ɗora a kan kabad ɗin Inna. Muna zaman makoki a ɗakin, in mata suka yi shiru tsakanin masu shigowa gaisuwa, sai in ji shi, ƙas, ƙas, ƙas. Na tsane shi a kwanakin nan, tsana ta gaske. Da tsohon injin ne, da ya ɗan ci gaba da abin da Baba ya bar masa, ya yi rauni, kafin sadakar uku ya tsaya. Wannan kuwa ko a jikinsa.

Da aka zo rabon kaya ba wanda ya miƙa hannu. Yaya ya ɗauko shi ya sa mini a tafi, ya rufe yatsuna a kai. Har yau ba mu taɓa tada maganar ba. Na dai lura tun daga lokacin ba ya ɗaura agogo, a waya yake duba lokaci. Bayan arba'in likitan ya kira ni, ya yi ta'aziyya, ya ce an samu injin, ko a turo? Na yi masa godiya, na ce a bar shi.

Agogon yana cikin durowata a Tarauni, tare da ƙarfen nan mai siffar rabin wata. Batirin ya ƙare bara, ban sa wani ba. Wani lokacin ina neman ɗan kunne ko katin asibitin yara sai hannuna ya taɓo shi. In ɗauko, kafin in ankara na girgiza shi na kai kunne. Na san ba komai a ciki, amma sai na ɗan jira kafin in mayar.